Kitson Asabar

Na tashi daga aikin dare, Manchesta na yayyafi.
Ɗakin karatun unguwa ya tara mu, iyaye maza tara,
kowa da 'yar tsana mai gashin roba a gabansa.
Malama ta ce, a raba gashin uku.
Hannun da ya saba da sitiyarin bas
ya rasa inda zai kama.

Babana bai taɓa riƙe mataji ba.
Ƙaunarsa buhun gero ne da yake direwa a zaure.

Da la'asar Barira ta zauna tsakanin gwiwoyina.
Tsagar ta karkace kamar burtali.
Ta daɗe gaban madubi,
sannan ta ce, Baba, kar a tsefe,
da shi za ni makaranta ran Litinin.