'Yar Mai Yankan Makulli

Babana a Sabon Gari yake yankan makulli,
rumfa ta uku bayan masu gyaran agogo.
Ƙarar zarto ce ta yaye ni.
Mace ta zo a firgice, nata ya faɗa rijiya,
ya juya kwaɗon, ya ce zauna,
kafin shayinsa ya huce, ga sabo a tafinta.

Ni nawa makullan ba sa ƙara,
ba sa tsatsa, ba sa huda aljihu.
Lambobi ne, dogaye kamar layin mai a Kwangila,
ina ɗinka su cikin manhajar imel
a wani ɗaki a Samaru mai fanka mai tari.

Na ce, Baba, ɗauka kwaɗo ne a buɗe
ka raba wa duk mai son rubuto maka,
ya kulle saƙonsa, ya turo.
Makullin guda ne, yana hannunka.
Ya ce, to in ya ɓata?
Na yi shiru.

Hansatu ce amsar, ma'aikaciyar jinya a Shika.
An fizge mata waya wajen Ƙofar Doka,
makullin na ciki.
Wasiƙu goma sha ɗaya na wanta Dalhatu,
da ya rubuto kafin ya cika,
suna nan a akwatinta, tana ganin kwanan wata,
in ta buɗe, sai baƙaƙe a watse kamar tonon kaji.
Ta same ni. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi.
Na ce lissafi ba ya jin magiya.
Ta ce, ku da kuka ƙera ƙofar,
ba ku san mai shiga ɗan Adam ne ba?

Tun ranar nake rage maɓallai.
Tambaya bakwai, na bar ɗaya.
Inda gargaɗi ke magana da bakin injiniyoyi
na sa: rubuta waɗannan kalmomi goma sha biyu,
naɗe, ajiye inda kake ajiye takardar gida.
In ka sake waya, su za su gane ka.

Sai dai in na sassauta da yawa
bango ya tsage, ƙadangare na jira.
In na tsaurara
mai gida ya kwana a waje.
Tsakanin nan nake kwana, ni da sauro.

Jiya na kai wa Baba rumfa, na ce gwada.
Ya goge hannu a riga, ya gyara tabarau,
yatsarsa mai kanta ta danna sau uku.
Ya kulle saƙo, ya turo mini
daga taku biyu.
Na buɗe.
Kin ci abinci?

Na Dalhatu dai suna nan a kulle.
Hansatu ta ce kada a goge su.