Indararon Barira

A Birni, bayan duwatsun nan masu zaman giwa,
indararon Barira na zuba a katangar Tsahiru.
Damina uku ana abu ɗaya.
Sallama ta mutu a lungun,
yara sun daina aron turmi.

Aka kira Baba Kanta mai gyaran agogo,
mutumin da ya san ba a buɗe ciki da guduma.
Bai zo da rana tsaka ba.
Ya ce, zuciya kamar fura take,
sai ta kwanta ake ganin gari.

Ya fara zuwa shi kaɗai, ya tsuguna gindin bangon,
ya taɓa ƙasar da ta zube, ya murza a yatsa.
Sannan ya zauna da Tsahiru,
ya bar shi ya zazzage har ƙasan buhu.
Bai ce ka yi gaskiya ba, bai ce ka yi ƙarya ba,
tambaya ɗaya ya yi:
me ke bayan bangon nan?
Tsahiru ya yi shiru.
Ɗakin tsohuwata ne, ba ta iya tashi,
in hadari ya haɗu ba na barci.

Washegari ya je wa Barira.
Ta fara lissafin akuyar da ta ci mata zogale shekaran bara.
Ya ce, mu bar akuya ta huta, yau ruwa muka zo.
Me ya hana ki kau da shi?
Ta dubi sama.
Malam ne ya kafa shi da hannunsa,
shekarar da ya rasu.

Da ya haɗa su, ba a ƙofar kowa ba,
a inuwar bedi ta tsakiya,
bai nemi wanda zai durƙusa ba.
Ya ce, ku mutanen Damagaram ne kuwa?
Da rani nawa kuke ba ɗan garuwa?
Ga ruwa Allah ya aiko har gida,
kuna shari'ar wanda zai kore shi.

Tsahiru ya kawo duro, Barira ta sayi tiyo,
mai unguwa ya shaida, aka shafa fatiha.
Indararo na nan inda Malam ya bar shi.
Tsohuwa na barci.

Baba Kanta bai karɓi ko dala ba.
Goro ɗaya ya ɗauka, ya ɓare shi biyu,
ya duba da kyau kafin ya miƙa,
ya ba kowa ɓarin da yake ganin ya fi girma.