Kara Uku a Kudus

Babana Tarmuji ya tuƙa keken haya shekara talatin da ɗaya
tsakanin kasuwar Kliwon da ƙofar masana'antar sigari,
inda iska kanta ƙamshin kanumfari take yi.
Ƙwaurinsa duk jijiya, kamar tsohuwar igiyar guga.
Bai taɓa sayen kwali ba.
Kara-kara yake saye a rumfar Bu Ngatiyem,
daga cikin gwangwanin biskit:
ɗaya bayan asuba, ɗaya in rana ta take,
ɗaya da dare a bakin kwata, yana sauraron kwaɗi.

Shekarar da aka ƙara haraji
Bu Ngatiyem ta lashi yatsa ta goge farashi,
ta rubuta sabo da alli, ba ta ɗago kai ba.
A rediyo wani mai taushin murya ya ce
don lafiyarmu aka yi.
Baba ya ce, "Madalla, an tuna da mu."
Ya laluba aljihu, ya biya.

Ko kara ɗaya ban ga ya rage ba.
Ƙwai ne ya yi ƙaura daga gidanmu.
Da muna raba biyu mu huɗu ran Juma'a,
sai aka koma shinkafa da yaji, yaji da shinkafa.
Takalmin ƙanena Wagiran ya buɗe baki
ya yi zango biyu yana hamma a hanyar makaranta.
Taba aka jefa, dutsen ya faɗo a tukunyarmu.

Innata Sukirah kuwa naɗa sigarin take yi a masana'antar,
tun safe har yatsu su daina jin kansu,
sun rine kamar ta kwana da lalle.
Da ciniki ya ja baya, aka yanke musu Asabar,
sannan Laraba.
Baƙo ɗaya, ya shigo ta ƙofa, ya sake shigowa ta taga.

Na yi wata bakwai ina gyaran ɗakuna a wani otal a Semarang.
Wani ya bar kwali a kwandon shara, biyu kacal ya sha.
Shi ma ya biya haraji, ban musa ba.
Ya ji shi kamar cizon sauro a bayan takalmi.
Baba sai ya haye gada da mace da buhun albasarta
kafin kuɗin kara ukunsa su cika.

Amma ba zan ci amanar zance ba.
Tarin ya zo.
Ya zo da damina, ya ƙi tafiya da ita,
har ranar da Inna ta ɓoye mini ƙyallen da ya tofa a ciki.
A asibiti wata nas ta ce masa, tana gyara robar hanci,
wai har da kuɗin taba ake riƙe ɗakin nan.
Ya yi dariya sai da ƙarfen gadon ya amsa.
"Ashe adashi nake zubawa.
Tunda kwasata ta zo, a ba ni na kusa da taga."

Kuma na ga Wagiran, yana ɗan sha biyar,
tsaye gaban gwangwanin nan yana ƙirga sulalla a tafin hannu.
Ya ƙirga sau biyu. Ba su kai ba.
Ya sayi soyayyar ayaba.
Yau shekararsa ashirin da shida, ƙirjinsa wasai.
Wannan ma harajin ne ya yi,
kuma ban san a wane shafi zan rubuta shi ba,
kusa da ƙwan, ko kusa da takalmin.

Ranar da muka binne Baba
abokinsa Sarjono ya tsaya bayan kowa ya watse.
Ya kunna kara ɗaya, ya kafa a ƙasar da ba ta bushe ba,
wai rabon mamaci.
Hayaƙin ya miƙe, kanumfarin yana ƙara ƙas-ƙas.
Ya duba hagu, ya duba dama.
Sai ya sunkuya ya zare abinsa,
ya murje wutar da yatsa,
ya maƙale sauran a bayan kunne.