Tarar Daƙiƙa Biyu

Lahadi, bayan tsohuwar masana'antar takarda a Wausau,
Lorna Pelkey ta tsuguna da alli
tana zana gefen taya.

Sauran ranaku haƙoran mutane take wankewa.
Yau ta rage wa tayoyi iska kaɗan
don motar ta daina yi mata gardama a kwana.

Tuta ta faɗi.
Hagu, dama, hagu,
roba na kuka, birki na ƙauri,
motar na bin ta kamar raƙumi da akala.

Sai mazurarin ƙarshe,
ɗan roba da bai kai gwiwa ba,
ya kwanta.

Tarar daƙiƙa biyu, in ji mai agogo.

Ta cire hular kwano tana dariya.
Allin ya goge daidai inda take so.
Ta sake bin layi.