Gwangwanin Nemesia

Ni ce Nemesia, matar marigayi Hilarión Colque,
mai tsintar kuza a tulin duwatsun da kamfani ya zubar
a bayan garinmu, can sama da Oruro,
inda iska ba ta cika huhu
ko ka hangame baki kamar kifi.

Shekara goma sha tara ina fasa dutse da 'yar guduma.
Wanda ya yi nauyi a tafin hannu ya shiga buhu,
buhu ya hau jirgin ƙasa,
jirgin ƙasa ya gangara bakin teku.
Daga nan ban san hanya ba.

Amma na san yadda yake dawowa.
A kantin kamfani nake ganinsa:
gwangwani mai sheƙi, kifi shida kwance a ciki,
da rubutun da ko malamin makarantarmu sai ya yi inda-inda.
Kuɗinsa guminmu na kwana uku.
Dutsena ne ya je yawon duniya
ya dawo bai gane ni ba.

Wata ranar Laraba wani ɗalibi ya hauro daga La Paz,
Remigio, takalmansa ba ƙura, hancinsa na haɓo.
A zauren ƙungiyar ma'aikata ya zana duniya da alli,
ya ja kibiyoyi daga kudu zuwa arewa.
Ya ce mulkin mallaka bai mutu ba,
riga ya sake, ya ajiye tuta ya ɗauki sikeli.
Ya ce duk mai neman haƙƙin talaka
ya fara tambayar wa ke yanka farashi a ƙetaren ruwa.
Maza suka yi tafi.
Ni shayi aka ce in kawo.

Na kawo shayin.
Na kuma dire gwangwanin a kan teburinsa.
Na ce, ɗan nan, ga kibiyarka, har da ƙarnin kifi.
Abin da ka karanto, mu a baya muka goya shi.
Sakataren ƙungiya ya ce mata su jira a waje.
Na ce to, a kori maigidan nesa, na yarda,
na kusa fa, sai yaushe?
Ba wanda ya tafa.
Remigio ne kaɗai ya goge kibiya ɗaya da hannun rigarsa
ya miƙo mini allin.

Yajin aiki ya kai kwana arba'in da ɗaya.
Mun dafa ɓawon dankali, mun sake dafa shi.
Sojojin da suka zo da asuba yara ne,
da harshen Kecuwa suke zagi, irin na ɗana.
Na dubi gindin bindigar wanda ya tsaya a ƙofata:
rubutu iri ɗaya da na gwangwani.

Mutum tara muka binne.
Remigio ya tsallake iyaka a cikin motar gishiri.

Bayan shekara biyu takardarsa ta iso,
jikata Basilia ta karanta mini.
Wai yana wani gari mai hazo a bakin teku,
yana shara a masana'antar gwangwani.
Wai matan da ke liƙe murafe a can
yatsunsu duk tsaga ne, kamar nawa,
ba su taɓa jin sunan Oruro ba.
Da ya ba su labari
sai suka zagaya da hula.
Kuɗin ba su da yawa. Sun sayi bargo huɗu.

Gwangwanin yana nan.
Na huda murfin, na zura lagwani, na zuba kitse.
Ranar tunawa da matattu nakan kai shi kabarin Hilarión.
Iskar tsauni takan kashe shi sau uku, sau huɗu,
ni kuwa ashana ba ta yanke mini.