Galan Biyu a Gujungu

Ran Lahadi na sauke riɗi a Gujungu,
buhu goma sha ɗaya, na Alhaji Nadabo.
Na zaro sandar awon mai, na goge da tsumma,
na sake tsomawa: baƙi ƙirin kamar gindin tukunya,
ga shi bai kai rabin zane ba.

Fijo ce, akori-kura, ta girmi ɗana na fari.
Mitarta ta mutu tun shekarar da ruwa ya cinye hanyar garinmu,
tana kan dubu ɗari huɗu da 'yan kai.
Abin da muka taka bayan nan
Allah ne kaɗai ke riƙe da lissafi.

A rumfar Ilu mai baƙin mai galan biyu ke zaune.
Ɗaya na sani, ya san ni:
mai kauri, mai nawar zuba kamar zumar rani.
Ɗayan baƙo ne, da hatimin azurfa a baki,
sintetik, in ji Ilu, yana lallaɓa sunan,
kuɗinsa ya kusa na ɗan akuya.

Nafi'u ɗan ƙanwata, da ke karatu a Kazaure,
ya ce, "Kawu, wannan ba ya jin zafin rana.
Sai ka je Maigatari sau ashirin ka dawo
bai tsinke ba.
Yana wanke cikin inji tas, ya fitar da dauɗa."

Mati bakanike ya leƙo daga ƙarƙashin wata bas,
sifana a hannu, goro a kunci.
"Dauɗar ai ita ke riƙe da ita, yaro.
Ringi ya saki, roba ta bushe.
Ka zuba mata wannan ruwan,
ta ko'ina za ta yi maka hawaye.
Tsohuwar da ta saba da tuwon dawa
ba a sauya mata da shayi ranar tafiya."

Nafi'u ya yi dariya: "Zancen da ne wannan.
In ta zubar, dama da ɓular,
ba man ne ya huda ba."

Sai na tuna randar Inna.
Shekara talatin tana sanyaya ruwa, da gansakuka a jiki,
ranar da aka kankare ta don a kyauta mata
da safe muka tarar da laka a tsakar ɗaki.
Amma na tuna kuma da gwiwata ta hagu:
man shanu da man kaɗe duk na shafa,
sai ƙwayar asibitin Ringim ce ta bar ni na taka kuloci.

To, wa zan bi?
Yaron bai taɓa kwana a daji da mota ba.
Mati kuwa bai taɓa buɗe irin galan ɗin ba.
Kowa da rabin gaskiyarsa,
ni ke da injin.

Na juya baya, na ƙirga abin da ke aljihu,
na cire na fetur, na cire na 'yan kamasho,
na cire na maganin Larai.
Abin da ya rage bai yi gardama da kowa ba,
ya miƙa hannu ya ɗauki mai kaurin.

Aka yi juye a gindin darbejiya.
Na ce wa Ilu, "Wancan, ajiye min shi a ranka.
In zoɓo ya yi kuɗi bana, za mu gwada."
Ya ce bara ma haka na ce.

Da dare na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta,
kamar yadda na saba.
Da asuba, kafin masallaci, na haska tocila.
Ɗigo uku.
Jiya ma uku ne.

Na dafa bonet, da sauran raɓa a kai.
Na murza makulli, ta yi tari sau biyu,
ni ma na yi nawa,
sannan muka kama hanyar Shuwarin.