Tsintsiyar Waliyyi Martin

A cocinmu na Sabon Gari
akwai hoton Waliyyi Martin
riƙe da tsintsiya.
Kaka Briskila ta ce a ƙwarya ɗaya
ya ciyar da kare, kyanwa da ɓera,
babu gurnani.

Ranar da guguwa ta yaye mana kwano,
'yan Angalika suka zo daga Wusasa da ƙusoshi.
Dogara ɗan Baftis ya hau tsani,
shi da bai taɓa jan rosari ba.
Ba a tambayi kowa katin baftisma ba.

Da yamma muka haɗa hannu a akushi,
miya ta ƙare, tuwo ya rage.
Kaka ta ƙara ɗaure tsintsiyarta,
ta jingine ta ƙarƙashin hoton,
ta tafi gida.